Godiyar Wanda Ya Dawo Daga Daji

Shekarun baya, lokacin ina sabuwar malama a wata firamare a cikin Birnin Gwari, wani abu ya faru a cocinmu wanda har yau in na tuna shi sai in ji kaina ya ƙara girma. Gara in faɗa muku tun yanzu, ba ni na yi abin ba. Ni dai dabara na ƙulla, dabarar kuma ko ƙofar gida ba ta fita ba. Mahaifiyata ce ta yi.

Iyayena daga kudancin Kaduna suka zo tun ba a haife ni ba, noma ne ya kawo su. Mahaifina yana da aboki guda wanda tare suka zo, tare suka nemi gona a hanyar Kusasu, gonakin ma iyakarsu ɗaya. Dattijon ikilisiya ne, shi ya sa kowa Dattijo yake ce masa, mu yara kuma mu ce Baba. In ka ga ɗaya a kan babur, ba sai ka tambayi wanda ke goye a baya ba.

Mahaifiyata kuwa ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. Ita ke ɗaga waƙa, mata su amsa, ana buga tukunya ana kaɗa caki. Ba wata murya mai zaƙi gare ta ba, murya ce mai kauri, mai nisa, kuma tana iya tsara baiti nan take a kan abin da ke gabanta. A gida ma haka take, ko shara take yi ko tankaɗe, bakinta ba ya hutawa. Ni kam ban gaje ta ba. Na taɓa shiga mawaƙan matasa, sai shugabansu ya ba ni aikin jera kujeru, ya ce wannan ma hidima ce.

A cocinmu akwai wata al'ada da ban san wanda ya fara ta ba. Duk wanda Allah ya fitar daga wani babban abu, ciwo ne, haɗari ne, haihuwa mai wuya ce, ba ya saɗaɗowa ya zauna kamar ba abin da ya faru. Ranar da zai fara dawowa sujada sai ya tsaya a bakin ƙofa, iyalinsa na bayansa da ɗan abin da suka kawo. Mai ba da waƙa ta ɗaga masa waƙa, shi kuma ya shigo yana takawa a hankali har gaban bagade. Ba a yanke waƙar sai ya iso. Muna kiran wannan godiya. Tun ina ƙarama nake ganin mahaifiyata tana shigo da mutane haka, masu jego, tsofaffin da suka tashi daga jinya, direban da motarsa ta wuntsila ya fita ba ko ƙwarzane.

A kakar wata shekara, lokacin da hanyar gona ta fara zama abin tsoro, Dattijo ya zo gidanmu da safe. Masararsa ta bushe a tsaye, yana son mahaifina ya taya shi su kwashe. Mahaifina ya riga ya gama da tasa, ba shi da niyyar fita ranar. Mahaifiyata ta ce su bari a ga yadda hanya za ta kasance. Dattijo ya yi dariya ya ce, "Maman yara, kafin azahar zan maido miki da shi."

'Yan bindiga suka kwashe su a gonar, su da wasu. Ba zan ja ku da labarin zaman jiran da muka yi ba, wanda ya taɓa yi ya sani, wanda bai taɓa ba Allah ya sa kada ya sani. Bayan an yi abin da aka yi, aka sako mutane. Dattijo ya dawo. Mahaifina bai dawo ba. Yana da hawan jini, can kuma babu magani, ciwo ya kwantar da shi ya rasu a dajin. Dattijo da sauran waɗanda aka tsare su suka haƙa masa rami suka rufe shi.

Washegarin dawowarsa ya zo gidanmu, ƙafafunsa a kumbure, ana riƙe da shi. Ya durƙusa a tsakar gida ya faɗi abin da ya iya faɗa. Mahaifiyata ta saurare shi har ya gama. Sai ta ce, "Sannu da dawowa." Ta tashi ta shige ɗaki. Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan.

Daga ranar bakinta ya mutu. Tana zuwa sujada, amma ta bar wurin zaman matan zumunta, ta koma bencin baya kusa da ƙofa. Mataimakiyarta ce ta ci gaba da ba da waƙa. A gida kuma shiru. Wata rana maƙwabciyarmu Hajiya, wadda katanga ce kawai tsakaninmu, ta tsayar da ni a ƙofar gida ta ce, "Malama, ni fa ban san kalmomin waƙoƙinku ba, amma da muryar mamanku nake gane gari ya waye. Ku dinga lallaɓa ta." Na ce to, na wuce da sauri don kada ta ga idona.

Shi kuwa Dattijo bai sake taka coci ba. Ya warke, ƙafa ta sace, yana fita kasuwa, amma ranar Lahadi yana ɗaki. Kowa ya san dalili. Ba zai iya shigowa a ɓoye ba, don al'ada ba ta yarda ba, shi da yake cikin masu tsare al'adar. Ba zai kuma iya tsayawa a bakin ƙofa a yi masa kiɗa da guɗa ba, alhali matar wanda ya je ya ɗauko da bakinsa tana zaune a wurin. Mutane kuma suka fassara shirun mahaifiyata yadda suka ga dama. Wasu suka ce ta ƙullace shi. Ni kaina ban sani ba, don ba ta taɓa ambatar sunansa ba, da alheri ko akasinsa.

Ana nan har damina ta zo ta wuce. Wata rana an tashi makaranta na tarar da matar Dattijo tana jirana a gindin mangwaro. Ta rame sosai. Muka gaisa, sai ta ce, "'Yata, babanku zai tafi. Ya ce in an yi Kirsimeti za mu tattara mu koma gida."

Na ce, "Mama, wane gidan? Ai nan ne gida."

Ta ce, "Haka na faɗa masa. Can ba mu da gona, ba mu da ɗaki, waɗanda suka san mu duk sun mutu. Ya ce gara ya je inda ba a san fuskarsa ba. Ba ya cin abinci. Ranar Lahadi in ya ji ƙararrawa sai ya juya ya fuskanci bango. In ya bar garin nan a haka, ba zai daɗe ba, ni na sani."

To kun san sabuwar malama. Gani nake ba matsalar da ba ta da tsari. Na tafi wurin Fasto kai tsaye, na zauna na shimfiɗa masa dabara kamar mai koyar da darasi. Na ce a sa ranar godiyar Dattijo, mataimakiya ta ba da waƙa, ni kuma ranar zan ɗauke mahaifiyata mu tafi Saminaka barkar haihuwa, don 'yar ƙanwarta ta sauka kwanan nan. Dattijo ya shigo ba tare da ya gan ta ba, ita ma ba sai ta ji kiɗan ba. In an wuce wannan, sauran mai sauƙi ne. Fasto ya ce, "Kin tambaye ta?" Na ce ai amfanin dabarar ke nan, kada a tambaye ta. Bai ji daɗi ba, amma shi ma ya rasa wata hanya, ya yarda. Da ƙyar aka shawo kan Dattijo, sai da aka tabbatar masa cewa ba za ta kasance a wurin ba.

Na dawo gida ina jin kaina. Na faɗa wa mahaifiyata zancen barka, ta ce to. Har turmin atamfa na jarirai na saya. Abu ɗaya na manta da shi, ni da iyayina. Babbar tukunyar kiɗa, wadda ba a fito da ita sai ranar godiya ko biki, a gidan mai ba da waƙa ake ajiye ta. Tana nan a ƙuryar ɗakin mahaifiyata an kife ta, ba wanda ya yi ƙarfin halin zuwa karɓa tun rasuwar.

Ranar Juma'a da yamma sai ga mataimakiyar ta yi sallama. Ta zauna, ta yi gaisuwa, ta sake gaisuwa, ta tambayi kaji, ta tambayi awaki. Can ta ce, "Yaya, dama tukunya ce mata suka ce in zo in ɗauka, za mu ɗan gwada ta."

Mahaifiyata ta shiga ta fito da ita, ta goge ƙurar da gefen zaninta, ta ɗora mata a ka. Sai da matar ta fita sannan ta juyo ta tsare ni da ido.

"Malama," haka take kirana in za ta yi mini shaƙiyanci, ko in na shiga uku, "godiyar wa za a yi jibi?"

Na fara kame-kame. Na ce wataƙila gwaji ne kawai. Na ce ai Kirsimeti ta kusa. Ta bar ni na gama zubata, ta ce, "Jibi ne kuma barkar." Ta koma kan tsintar wakenta.

Lahadi da safe na shirya, na ɗauko atamfar jariri, mai babur ɗin da na yi wa magana ya kai mu tasha yana jira a waje. Mahaifiyata ta fito sanye da wani tsohon zani mai duhu, ba na zumunta ba. Ta ce, "Sallami yaron nan. Coci za mu."

Na ce, "Mama, an fa riga an faɗa musu muna zuwa."

Ta ce, "Jariri ba ya gudu."

Duk hanya ina biye da ita ina lissafi. In ta zo ne don ta zauna ta kafa wa Dattijo ido, to na kashe mutumin nan da hannuna, don ni na yi alkawarin ba za ta zo ba. Na so in ruga in gargaɗe su, ta ce in riƙe mata jakarta in daina sauri kamar wadda aka aika. Muka shiga, ta zauna a bencinta na baya, dab da ƙofa. Na zauna kusa da ita. Fasto ya hango mu daga gaba, ya dube ni, ni kuma na dubi rufin kwano.

Aka yi addu'a, aka yi karatu, aka yi sanarwa. Sai Fasto ya ce yau akwai godiya, ya faɗi ta wane ne. Cocin ya yi tsit. Duk wanda ke wurin ya san mahaifiyata tana baya, amma ba wanda ya yarda ya waiga. Aka buɗe ƙofa duka biyu.

Dattijo yana tsaye cikin farar riga da ta yi masa yawa. Matarsa na bayansa da kwandon doya a ka, sai 'ya'yansu da jikoki. Mataimakiya ta ɗaga waƙa, aka buga tukunya. Ya ɗaga ƙafa zai shigo, sai idonsa ya sauka a kan mahaifiyata. Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Ya mayar da ƙafar.

Waƙa ta zaga ta dawo, bai motsa ba. Ta sake zagawa. Amshin mata ya fara sirancewa, don rabinsu sun juyo suna kallon ƙofa. Mataimakiyar ta ƙara murya, muryar ta fara rawa. Mai tukunya ta rasa inda take. Sannu a hankali waƙar ta mutu, mai godiya yana waje. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba, tsofaffin cocin ma daga baya sun ce ba su taɓa gani ba. Na ji kunya, na ji tsoro, na ji tausayin mutumin nan kamar in yi ihu. Ya sunkuyar da kai, ya juya ya ce wa matarsa a hankali, amma shirun ya sa kowa ya ji, "Mu je gida."

Sai mahaifiyata ta miƙe.

Ba ta yi gaba wurin mata ba. Ta fita ta ƙofar, ta sha gabansa. Ta ce, "Dattijo, ina za ka?"

Ya kasa kallonta. Ya ce, "Maman yara, ki yi haƙuri. An ce mini ba kya nan. Da na sani ba zan zo ba."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa na zo." Ta juya wurin matarsa ta ce, "Sauke mini kayan nan." Ta karɓi kwandon doyar ta ɗora a kanta. Sannan ta leƙo ta ce mini, "Ke Malama, tashi. Iyali ne ke bin mai godiya, mu ma 'yan gidan ne."

Na tashi na shiga layi cikin 'ya'yansa. Ta tsaya a gabansa, ta fuskanci cikin coci, ta yi gyaran murya. Da farko abin da ya fito ba murya ba ce, wani ƙaiƙayi ne kawai, don ta daɗe ba ta buɗe ta ba. Ta haɗiye, ta sake. Sai ta fito.

Ba waƙar da muka sani ba ce, a wurin ta tsara ta. Ta ce:

"Biyu suka fita, Ubangiji, kai ka san hanya."

Ta ba matan amshin da bakinta, kalma biyu kawai, "Mun gode." Ba wanda ya amsa. Ta maimaita baitin, ta juya ta harari matan zumunta irin hararar da take yi musu a wurin gwaji in sun yi lalaci. Sai wata tsohuwa ta amsa ita kaɗai. A zagaye na gaba duk suka ɗauka.

"Ɗaya ka riƙe a wurinka, ɗaya ka maido mana."

"Mun gode."

"Wanda ka riƙe naka ne, wanda ka sako naka ne."

"Mun gode."

Mai tukunya ta samo bugunta. Caki ya shiga. Mahaifiyata ta taka ɗaya, ta tsaya, ba ta waiga ba. Tana jira. Ni ina bayan Dattijo, ina ganin kafaɗunsa suna girgiza. Ta sake ba da baitin, ta ƙara wani a kai, tana nan tsaye da doya a ka, kamar ta ce in za a kai yamma a nan, sai a kai. Sai na ga ƙafarsa ta tsallake dokin ƙofa.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar da ta tashi a cocin nan ba. Maza da ba su taɓa amsa waƙar mata ba suka miƙe suna amsawa. Ana kuka ana waƙa, ba wanda ya damu ya share fuska. Ita kuwa idonta a bushe, tana tafe a hankali, tana jan mutumin nan da murya taki bayan taki. Ta sa sunan mahaifina a waƙar, ta sa na Dattijo, ta sa gonar, ta sa har da waɗanda har lokacin suke daji ba a san halinsu ba, Kirista da Musulmi, ta ce su ma Ubangiji ya san inda suke kwana. Ba ta yanke ba sai da ya tsaya a gaban bagade. Ni da aka ce in dinga jera kujeru, ranar na yi amshi har muryata ta dushe, ba wanda ya hana ni.

Bisa al'ada mai godiya yakan faɗi 'yar shaida. Fasto ya miƙa masa abin magana. Ya karɓa. Sai ya ce akwai abin da bai faɗa mana ba ranar da ya zo gidanmu, don bakinsa ya kasa. Ya ce da jikin mahaifina ya yi tsanani, mahaifin nawa ya ce masa ya yi masa waƙar yabo, ko a hankali ne. "Kun dai san muryata," in ji shi. Aka ɗan yi dariya cikin hawaye, don duk cocin an san Dattijo in ya kama waƙa sai na kusa da shi su ɓace. Ya ce ya daure ya yi. Da ya gama, mahaifina ya buɗe ido ya ce, "Allah ya karɓa, abokina. Amma in ka koma, ka bar wa matata wannan aikin."

Nan ne mahaifiyata ta yi dariya. Dariya ta gaske, har da riƙe baki. Rabona da jin ta tun kafin kakar da aka kwashe su.

Da muka koma gida ta shiga ɗaki ta rufe, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka kawo labari, ba ta yi ba ranar addu'ar rasuwa. Na zauna a bakin ƙofa ban hana ta ba. Hajiya ta aiko da kunu ba tare da ta tambayi komai ba. Sai wajen la'asar ta fito ta wanke fuska ta zauna a tabarma. Na matsa na ce, "Mama, ashe kin yafe masa tuntuni."

Ta ce, "Me ya yi mini da zan yafe? Masara ya je kwasa. Ba da shi nake fushi ba."

Na ce, "To da wa?"

Ta nuna sama da haɓa. Ta ce, "Da shi. Kuma ban gama ba, har yanzu muna da magana. Shi ya sa na rufe bakina, na ce ba zan yi masa waƙa ba sai ya faɗa mini dalili. Amma tun shekaranjiya da aka zo ɗaukar tukunya nake tunani. Shekara nawa ina tsayawa ina ce wa mutane Allah mai alheri ne, ranar da aka maido musu nasu. In yau na yi shiru, to ashe duk abin da nake yi ciniki ne. Ya ba ni, in yabe shi, ya hana ni, in kama bakina. Ni ba haka na san shi ba." Ta kurɓi kunu. "Kuma dajin nan ya ci mini mutum ɗaya. Ba zan zauna a benci ina kallo ya ci na biyu a bakin ƙofar coci ba."

Sai ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Ke kuma da barkarki. Gobe sai ki kai musu atamfar."

Na daɗe ina juya maganar nan, har yau ban gama ba. Kafin ranar, ni a wurina yabo shi ne ɓangaren sujada mai daɗi, wanda ake yi kafin wa'azi don jiki ya saki, ko abin da mutum ke yi in an yi masa yadda yake so. A bakin ƙofar nan na ga wani abu dabam. Na ga mace tana yabon Allah alhali ba ta samu amsar tambayarta ba, ba kuma tare da ta yi ƙaryar cewa ba ta jin ciwo ba. Ta faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ɗaya ya dawo ɗaya bai dawo ba, sannan ta ce duk da haka shi ne Allah. Na kuma gane dalilin da ya sa ba a barin mutum ya yi godiya shi kaɗai a ɗakinsa. Akwai ranar da bakinka ba zai iya ba, sai wani ya ɗaga maka ka bi bayansa. Wani lokaci kuma wanda zai ɗaga maka ɗin shi ne wanda ya fi ka rashi.

Ban ce kowa ya yi abin da ta yi ba. Na san waɗanda har yau ba su iya buɗe baki ba, kuma ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Ina dai faɗa muku abin da idona ya gani ne, da kuma irin matar da ta haife ni. Ina alfahari da ita, ba na ɓoyewa. Duk inda na shiga a garin nan aka ce 'yar wace ce, wani zai ce, 'yar matar nan ce da ta shigo da Dattijo, sai in ji na fi kowa tsayi a wurin.

Lahadin da ta biyo baya ta ɗaura zanin zumunta ta koma wurinta a gaba. Kirsimeti ta zo ta wuce, Dattijo bai tafi ko'ina ba. Ya koma kujerar dattawa, ya samu wata 'yar gona kusa da gari, ya yi ƙiba har rigar nan ta zauna masa. Shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurena.

Bara ya rasu, a kan gadonsa, jikokinsa na kewaye da shi. Mahaifina har yau ba mu san gindin itacen da yake kwance ba. Amma abokinsa mun san inda yake, mun raka shi da ƙafafunmu, da rana tsaka, garin duka na kallo. Mahaifiyata ta tsufa, ta daɗe da miƙa wa yara aikin. Ranar jana'izarsa dai ta ce a ba ta wuri. Ita ta shigo da shi, in ji ta, ita za ta fitar da shi.